Gishirin da Ba Wanda Ya Zuba

Ƙarfe bakwai daidai na safiyar wata Asabar a watan Maris abin ya fara, shekarar da nake aji ɗaya a ƙaramar sakandare. Na riƙe lokacin ne saboda rediyon Baba, wanda yake ratayewa a reshen darbejiyar bakin gona, ya fara labaran safe ke nan na sauke kwanon koko da ƙosai a gindin bishiyar. Na hango Baba a tsugune can ƙarshen gonarmu ta noman rani, a gangaren da ta yi iyaka da ta maƙwabcinmu, ƙanin Baba, Baffa Sale, yana tsaye a kansa riƙe da ƙugu. Ƙasar komayen tumatir na wannan kusurwa ta yi fari fat kamar an barbaɗa gari, ganyen kuma ya ƙone ta gefe-gefe ya nannaɗe. Baba ya dangwali farin abin ya kai bakinsa, ya tofar. Baffa Sale ya dubi gonar maƙwabcin, wadda take kore shar, ya ce, "Yaya, gishiri dai ba shi da ƙafa. Wani ne ya kawo shi." Kokon nan haka na mayar da shi gida ya sandare, ba wanda ya taɓa.

Maƙwabcin shi ne Baba Iliya, Kirista ne mutumin Filato, wanda ya zo ƙauyenmu da ke tsakanin Kura da Bunkure tun kafin a haife ni, ya karɓi aron gona a hannun wani dattijo yana noman tumatir da kabeji. Gidansa na bayan namu, katanga ɗaya ce ta raba mu. Da Sallah ni nake kai musu nama, da Kirsimeti 'yarsa Rahila ce take shigo mana da shinkafa da miya. Rahila sa'ata ce, benci ɗaya muke zama a aji, kuma duk abin da Allah ya rage mini na baki ita ya ƙara wa. Ni in baƙo ya yi sallama sai in shige bayan ƙofa da littafina, in malami ya yi tambaya na san amsar sai in raɗa mata ta ɗaga hannu. Tare muke wanki a matakalar kanal muna kallon 'yan maza suna faɗawa ruwa daga kan gada, tare muke yanka tumatir muna shanya kauɗa a kan buhuna har hannuwanmu su yi ja su fara zogi. In an gama mu zauna carafke da duwatsun da na zaɓo masu girma ɗaya, na wanke, na adana a gwangwanin madara. Takan ce, "Sa'a, ke ko dutse sai kin yi masa wanka."

A shekarar nan ruwan kanal ya yi ƙaranci, ana gyara can sama, aka koma ba da ruwa bi da bi. Gonar Baba Iliya ce a tudu, ita ruwan yake fara tararwa, tamu kuwa sai abin da ya ragu. Kwanaki kaɗan kafin wannan Asabar ɗin Baffa Sale da Baba Iliya sun yi cacar baki a kan wa zai fara buɗe ruwa, har sai da mutane suka shiga tsakani. Baba ba ya son hayaniya. Tun farkon rani da ya ga ruwa ba ya isa gangare, sai ya ɗauko injin ban-ruwa ya jefa tiyo a wani ɗan tafki da ya kwanta cikin tsohuwar magudanar da ke ƙasan gonakin, wadda ciyawar kachala ta cinye ta toshe. Ruwan tafkin garai-garai yake, kana hangen ƙasansa, kuma da shi Baba yake shayar da komayen kusurwar nan.

Dattawan da suka zo jaje sun ce kanwar ƙasa ce ta taso, sun taɓa ganin irinta a fadama. Baffa Sale ya ce in kanwar ƙasa ce, wa ya nuna mata iyakar gona har ta tsaya cak a kan kunyar da ta raba mu da Iliya? Dagaci ya yi tafiya a lokacin, Baba ya ce in ya dawo, Juma'ar sama, zai kai maganar gabansa. Kowa ya san abin da hakan ke nufi. Ko ba a kama mutum da buhu a hannu ba, mai gonar ba zai bar baƙon da aka zarga da ɓata amfanin wani ya ci gaba da noma masa ƙasa ba, in kuwa gona ta tafi, su Rahila sun tafi. Da yamma Baba ya kira ni ya ce kada ƙafata ta sake taka gidansu. Na ce to, don ban taɓa ce masa wani abu ban da to ba.

Ranar Litinin Rahila ta zauna a ƙarshen benci, ta bar fili tsakaninmu da mutum zai iya zama. Yarinyar da malamai suka gaji da tsawata wa don surutu ta wuni ba ta ɗaga hannu ba. Sai da aka tashi, muna sa takalma, ta ce ba tare da ta dube ni ba, "Babana ya ce ko a garinsu ba a yi wa ƙasa haka. Ƙasa ba ta yi wa kowa laifi ba." Na ɗauki jakata na fita. Amma a hanyar gida, ina bin gefen kanal, wani darasi ya dinga dawo mini. Makonni kafin nan Malam Nasiru, malaminmu na kimiyya, ya shigo aji da gwangwani cike da wake da wani cike da gero, ya tambaye mu in an haɗa su gwangwani nawa za a samu. Aji ya ɗauka gaba ɗaya, biyu. Ya juye su wuri guda ya girgiza, ya sake aunawa, sai ga shi bai kai biyu ba, geron ya shige tsakanin waken. Ya ce, "Duk abin da kuke gani haka yake, ruwa da ƙasa da iska, ƙananan ƙwayoyi ne da ido ba ya iya gani, kuma akwai fili a tsakaninsu. In kun zuba gishiri a ruwa ba ɓacewa ya yi ba, wuri ya samu ya zauna." 'Yan aji sun fi damuwa da wa zai tafi gida da waken. Ni kuwa maganar ta zauna mini, yanzu ta taso. In gishiri zai iya zama cikin ruwa ido bai gan shi ba, to duk inda ruwa ya je zai iya zuwa, ba sai an ɗauko shi a buhu ba.

Washegari da na kai abinci gona na sulale ta bayan kachala na kamfaci ruwan tafkin na kurɓa. Akwai ɗan zartsi can ƙasan harshe, wanda in ba nemansa kake ba ba za ka ji ba. Sai dai harshen yarinya ba shaida ba ne a gaban Baffa Sale. Dole in fito da gishirin fili, a gan shi da ido, kafin Juma'ar da za a je gaban dagaci. Na ɗauka abin ba zai yi wuya ba, don a gidanmu raba abu da abu shi ne rabin aikin mace. Muna shiƙa mu raba shinkafa da ƙaiƙayi, mu yi bakace a faifai mu fitar da dusa, mu tankaɗe gari a rariya mu ware tsaki, mu rege gero a ƙwarya tsakuwa ta kwanta a ƙasa. Na ɗauki ƙyallen da Inna take tace gasara na ninka shi, na sake ninkawa, na tace ruwan. Abin da ya tsaya a kai bai wuce ɗan gansakuka da wani mataccen ƙwaro ba. Na ajiye ruwan a kwalba ya kwana ko wani abu zai kwanta a ƙasa, ba abin da ya kwanta. Na je ƙofar ofishin malamai don in tambayi Malam Nasiru, na ji su suna dariya a ciki, ƙafata ta ƙi tsallake dokin ƙofar. Na sake komawa wata rana, haka na juyo.

Wanki ne ya cece ni. Ina ware kayan datti a tsakar gida na ɗago shuɗiyar rigar da Baba yake zuwa gona da ita, sai na ga fararen layuka a bayanta da hammata, sun yi zagaye-zagaye kamar bakin tafki in ruwa ya ja baya. Na sha ganinsu ban taɓa tsayawa na duba ba. Na faki ido na lasa. Gishiri ne. Inna da ke jajjage a gefe ta ce, "Gumi ne, Sa'adatu. Wanki aka ce ki yi, ba karatun riga ba." Na tsaya da rigar a hannu. Gumi ruwa ne garai, ba wanda ya taɓa ganin gishiri a cikinsa, amma da rana ta shanye shi ta bar gishirin a kan yadi. Ƙyalle bai iya tare shi ba don ya fi ƙofofin ƙyalle ƙanƙanta, amma rana ruwa kawai take ɗauka. Na ninke rigar na cusa ƙarƙashin katifata, na wanke sauran.

Da farko na so in tafasa ruwan a tukunya don ya yi sauri, wannan ya sa dole na faɗa wa Inna komai, kuma ina jin ban taɓa yin magana mai tsawon wannan a rayuwata ba. Tana tuƙin tuwo tana saurare. Da na gama ta ce, "Itacena ba na dafa ruwan kwaɗi ba ne. Kuma ko kin dafa, Baffanki cewa zai yi gishirin miya ne ya maƙale a tukunya." Na ɗauka magana ta ƙare. Sai ta ajiye muciya ta shiga ɗaki, ta buɗe kabet ɗin jerenta, inda kwanukan aurenta suke a jere tun ranar da aka kawo ta gidan, ba a taɓa cin abinci a cikinsu ba, sai dai a goge su in Sallah ta zo a mayar. Ta zaro faranti biyu shuɗaye masu duhu ta miƙo mini. "Waɗannan ko ruwa ba su taɓa gani ba, kowa a gidan nan ya sani. In kika kwarzane mini su, ni da ke ne." Ba ta ambaci su Rahila ba. Amma na san Maman Rahila ce ta riƙe mata hannu ranar da aka haife ni.

Na samu jarka biyu na wanke su tas, na ɗaura wa ɗaya jan zare don kada in rikice, ita ce ta ruwan tafki, ɗayar ta ruwan kanal. Na hau tsani na ajiye farantan a kan rumfar da muke shanya kauɗa, na zuba wa kowanne nasa daidai wa daida da kofi ɗaya. Ranar Maris ba ta wasa, kafin la'asar ta shanye su ƙaf. Na hau da sauri, sai na tarar da ɗan dishi-dishi kawai, wanda in ka hura ma sai ka yi shakkar akwai shi. Na zauna a kan tsanin har Inna ta kira ni ɗaukar ruwa. Washegari na sake, kaza ta hau ta sha ta kifar da ɗaya, ta bar mini kashi a ɗayan. Na wanke, na yanko tsohon gidan sauro na rufe su, na danne da duwatsun carafkena. Sakamakon dai bai canza ba.

Ina tsaye a gona wata rana ina jiran Baba ya gama cin abinci, na ga ya tashi ya ja igiyar injin, ruwan tafki ya sake malala cikin komayen da suka bushe, sai na gane kuskurena. Ni kullum wanke farantin nake in fara sabo. Gona kuwa ba mai wanke ta. Tun farkon rani Baba yake zuba ruwan nan a wuri ɗaya, rana tana shanyewa, yana sake zubawa, magudanar da za ta kwashe ragowar kuma a toshe take. Daga ranar na daina wankewa. Da safe kafin in tafi makaranta in zuba, in na dawo in tarar ya bushe in ƙara a kai, ranakun da ba makaranta kuwa ina sauka ina hawa har Inna ta ce tsanin nan zai yi ƙarata. Sannu a hankali farantin ruwan jarka mai jan zare ya fara yin farin zobe a gefe, zoben ya yi kauri, tsakiyar ta yi ɓawo mai ƙyalli da kake jin garas-garas a yatsa. Na ruwan kanal kuwa bai wuce ɗan hazo-hazo ba.

Ranar Alhamis, gobe ke nan za a je gaban dagaci, Baba da Baffa Sale suna zaune a tabarma a zaure bayan sallar la'asar. Ban taɓa shiga zancen manya ba a kira ni ba. Na ɗauko farantan da hannu biyu, rigar a hammata, na tsaya a bakin zaure, sannan na yi sallama na durƙusa na ajiye su a gabansu. Muryata ba ta fita sosai, sai da Baba ya ce in ɗaga. Na faɗi wane ruwa ne a wane faranti, da yadda na yi, da abin da Malam Nasiru ya ce game da wake da gero. Baffa Sale ya yi dariya. "To, boko ta fara aiki. Wa ya ga lokacin da kika zuba? Ƙawarki ce ta ba ki gishirin ko a kicin kika ɗebo?" Idona ya ciko, amma na riga na san zai faɗi haka. Na warware rigar na shimfiɗa ta, fararen layukan na sama. Na ce, "Baba, wannan fa, wa ya zuba mata?"

Baba ya daɗe yana duban rigarsa, sannan ya dangwali ɓawon farantin ya ɗanɗana kamar yadda ya yi a gona ranar Asabar ɗin nan. Bai ce na yi daidai ba, bai ce na yi kuskure ba. Ya tashi da farantin jan zare, ya wanke shi da hannunsa a bakin randa, abin da ban taɓa ganin ya yi ba, ya ɗauki buta ya hau keke ya nufi gona. Da ya dawo ya ɗora farantin a kan rufin ɗakinsa, inda ba mai hawa sai shi, ya zuba masa ruwan tafkin da ya ɗebo, ya ɗauke tsanin ya kai ɗaki. Juma'a ta zo ta wuce bai je gidan dagaci ba. Baffa Sale ya yi ta zirga-zirga yana cewa yarinya ƙarama ta juya dattijo, Baba kuwa kullum in ya dawo daga gona da butarsa sai ya hau rufi. Na yi ƙarfin hali na tambaye shi ko zan iya zuwa gidan su Rahila. Ya wuce ni kamar bai ji ba. Na bari kwana biyu na sake tambaya. A makaranta kuwa filin nan na benci yana nan, ban gaya wa Rahila komai ba, don ina tsoron in ba ta fata in kasa cikawa.

Yau ni nake shiga aji da gwangwanin wake da na gero a wata makaranta a cikin Kano, kuma har yanzu akwai mai tambayar wa zai tafi da waken. In na je gida nakan bi gefen kanal in ga yara da waya a hannu a inda muke carafke. An sare darbejiyar, Baba ya riga mu gidan gaskiya, kwanukan Inna an raba mana, farantan nan biyu ni na roƙa aka ba ni, ɗaya har yau da ɗan tabon da bai fita ba. Rahila tana Jos da 'ya'yanta, in ta kira ni sai in ajiye wayar a kan tebur in ci gaba da aiki, don har yanzu ita ce mai maganar. Na yi tambayoyi da yawa tun daga lokacin, na samu amsoshi a littattafai da bakin malamai, amma ba wadda na jira kamar ta wata safiya a wancan ranin.

'Yan kwanaki ne bayan Juma'ar nan, ina shara a tsakar gida na ji Baba ya jingina tsani. Ya hau, ya jima a sama, sannan ya sauko a hankali da farantin a hannu ɗaya. Ya yi fari fat, har ya fi nawa. Na jingine tsintsiya na matso, na yi tambayar nan tawa, murya ƙasa-ƙasa. Wannan karon ya dube ni. Ya miƙo mini farantin ya ce, "Riƙe da kyau, na uwarki ne. Ki kai wa Iliya ya gani da idonsa. Ki ce ina gaishe shi, ina nan tafe da bakina bayan la'asar. Kuma ya wasa laujensa, kachalar nan ta fi ƙarfin mutum ɗaya."